Frankie Stein

Frankie Stein labarin zane ne na barkwanci da aka riƙa bugawa mako-mako a mujallun yara na ƙasar Birtaniya, kuma shi ne sunan tauraron labarin. Mai zane Ken Reid ne ya fara fito da shi a mujallar Wham! cikin watan Yuli na shekarar 1964. Labari ne na wani gida mai ban al'ajabi: uba masanin kimiyya mai suna Farfesa Cube, da ɗansa na cikinsa Micky, da kuma Frankie, ƙaton dodon da Farfesan ya harhaɗa da hannunsa, wanda shi kuma ya ɗauki Farfesan uba yana kiransa baba. Bayan Wham!, labarin ya zauna a Shiver and Shake da Whoopee! da Monster Fun. An rufe waɗannan mujallu ɗaya bayan ɗaya, amma Frankie bai mutu tare da su ba, domin kamfanin ɗab'i ne ya mallake shi, yana iya ɗauke shi daga wannan mujalla zuwa waccan, yana kuma iya miƙa shi ga wani mai zane duk lokacin da ya ga dama.

Asalin suna da kama

Sunan wasa ne da kalmar Frankenstein, littafin da marubuciyar Ingila Mary Shelley ta wallafa a 1818. A cikin littafin, Frankenstein sunan mutumin da ya ƙera halittar ne, ba sunan halittar ba, amma jama'a sun daɗe suna kiran dodon da sunan mai shi. Da aka raba kalmar gida biyu sai ta koma kamar sunan wani yaron unguwa. Kamar Frankie kuwa daga sinima aka aro ta, daga fim ɗin da kamfanin Universal na Amurka ya fitar a 1931, inda Boris Karloff ya fito a matsayin dodon: kai mai faɗin sama kamar akwati, goshi mai nauyi, ƙarfe a wuya da manya-manyan takalma.

Akwai dalilin da ya sa dodo a mujallar yara ta Birtaniya ya zo a matsayin abin dariya. A farkon shekarun 1950 malaman makaranta da shugabannin coci da iyaye sun yi ta ƙorafi a kan mujallun ban tsoro da ake shigowa da su daga Amurka. A 1955 majalisar dokoki ta zartar da dokar da ta haramta bugawa ko sayar da labarin zane mai nuna aikata laifi, ko mugunta, ko abin ƙyama, ta hanyar da za ta iya ɓata tarbiyyar yaro. Daga nan manyan kamfanoni suka yi nesa da labarin tsoro na gaske. Amma yara ba su daina son dodanni da fatalwa ba, saboda haka hanyar da ta rage ita ce a mayar da dodon wawa, a sa shi cikin iyali, a ba shi uba da ƙane da matsalar abinci.

Watanni biyu bayan fitowar Frankie, wato a Satumba 1964, gidajen talabijin na Amurka suka fara nuna The Addams Family da The Munsters, dukansu wasannin barkwanci a kan iyalan dodanni. Ana iya zaton Frankie kwaikwayon waɗannan ne, amma kwanan watan ya nuna ya riga su fitowa.

Abin da labarin ya ƙunsa

Iyalin na zaune a wani tsohon katafaren gida mai suna Mildew Manor, wato gidan da fumfuna ta cinye. Farfesa Cube ya ƙera Frankie ne don ya zama abokin wasan Micky. Sai ga shi abokin wasan ya fi ƙarfin gidan: yana da ƙarfin tsiya, ba shi da wayo, cikinsa ba ya cika, kuma duk abin da ya taɓa sai ya karye. Ba da jimawa ba Farfesan ya yi da-na-sani, ya koma neman hanyar rabuwa da shi. Kusan kowane mako da sabuwar dabarar da zai fito da ita, ko bam, ko guba, ko tarko, ko wata na'ura, kuma kusan kowane mako kaikayi ne ke komawa kan masheƙiya. Frankie ba ya ma gane cewa halaka shi ake son yi, yana ɗauka baba na yi masa wani abin alheri ne.

Wanda ya tashi da tatsuniyar Hausa ya san Dodo mai ƙarfi da haɗama wanda Gizo ko ƙaramin yaro kan yi wa wayo. Frankie yana da ƙarfin da haɗamar, amma ba ya nufin kowa da sharri. Mugun labarin shi ne uban, mutum mai ilimi da digiri, kuma a nan dariyar take.

Wham!, 1964 zuwa 1967

Mujallar barkwanci ta Birtaniya a wancan zamani ba labari ɗaya take ɗauka ba. Takarda ce mai arha da ke fitowa kowane mako, a ciki akwai labarai goma sha wani abu, kowanne da tauraronsa da shafinsa ɗaya ko biyu. Masu karatu a Najeriya sun ga tsari mai kama da wannan a Ikebe Super, wadda Wale Adenuga ya fara fitarwa a 1976, inda Papa Ajasco da iyalinsa suka samo asali.

Kamfanin D. C. Thomson da ke Dundee a Sikotlan shi ne sarkin wannan kasuwa, da mujallunsa The Dandy ta 1937 da The Beano ta 1938. Biyu daga cikin fitattun masu zanensa su ne Leo Baxendale da Ken Reid. An haifi Reid a Manchester ranar 18 ga Disamba 1919. Tun yana saurayi, a 1938, ya fara zana labarin Fudge the Elf a jaridar Manchester Evening News. A The Beano shi ne ya fara zana Roger the Dodger a 1953, sannan Jonah daga 1958, labarin wani matuƙin jirgin ruwa mai farar ƙafa wanda duk jirgin da ya taka sai ya nutse.

Baxendale ya bar D. C. Thomson a 1962. Kamfanin Odhams Press na Landan ya ba shi dama ya tsara sabuwar mujalla da za ta yi gogayya da The Beano, ita ce Wham!, wadda fitowarta ta farko ke ɗauke da kwanan wata 20 ga Yuni 1964. Ana sayar da ita sisi, alhali The Beano taro ce, wato ninki biyu ke nan, amma ta fi yawan shafuka. Odhams ta fi D. C. Thomson biyan masu zane, kuma ta bar su su sa hannu a aikinsu, abin da kamfanin Dundee bai yarda da shi ba a lokacin. Reid ya bi sahun Baxendale a shekarar, Frankie Stein kuma ya bayyana a fitowa ta huɗu.

Masu nazarin wannan fanni sun fi ɗaukaka wannan zango, kuma da hujja. Reid mutum ne mai cika shafi. Yana tsattsaga shi ƙananan gidaje masu yawa, ya cusa magana mai tsawo, ya zana kowane bulo na bango da kowane digon gumi. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne fuska: ido ya firfito, haƙora su yi waje, jijiyar wuya ta tashi, mutum ya narke don tsoro ko ya kumbura don fushi. Frankie na Reid mummuna ne na gaske, gidan duhu ne da danshi, kuma ƙiyayyar da Farfesa ke yi wa abin da ya ƙera ba ta wasa ba ce. Reid yana tafiya ne a bakin iyakar abin da edita zai iya bari ya wuce. Akwai ma wani shafi da ya zana wa wani labarinsa, Dare-a-Day Davy, inda yaron ya tono gawar dodon Frankenstein, wanda editoci suka ƙi bugawa saboda munin abin da ke ciki.

Reid ya ci gaba da Frankie har zuwa 1967, a lokaci guda yana yi wa Odhams wasu ayyukan, kamar Jasper the Grasper, labarin wani marowaci, da Queen of the Seas.

Faɗuwar Wham!

Odhams ta ƙara mujallu huɗu a kan Wham!: Smash! a 1966, sannan Pow! da Fantastic da Terrific a 1967, aka yi musu tambari ɗaya da sunan Power Comics. Yawancin shafukansu an cika su da labaran jarumai na kamfanin Marvel na Amurka, waɗanda ake biyan kuɗin izinin sake buga su. Wham! kanta ta fara ɗaukar Fantastic Four, abin da ya rage wa barkwanci wuri. Mujallu biyar masu kama da juna suka riƙa cin kasuwar junansu. A watan Nuwamba 1967 gwamnatin Birtaniya ta karya darajar fam daga dala 2.80 zuwa dala 2.40, sai duk abin da ake biya da dala ya ƙara tsada.

Wham! ta tsaya a fitowa ta 187, ranar 13 ga Janairu 1968, aka haɗe ta da Pow!. Ita ma Pow! ba ta ga ƙarshen shekarar ba, Smash! ta haɗiye ta, Smash! kuma ta shige cikin Valiant a 1971.

Wannan haɗewa al'ada ce ta kasuwar, kuma sai an fahimce ta kafin a gane yawon da Frankie ya yi daga baya. Yawancin yara suna da oda ta dindindin wajen mai sayar da jarida na unguwa. Idan cinikin mujalla ya ja baya, kamfani ba ya cewa ya rufe ta. Sai ya sanar da masu karatu cewa akwai albishir, mako mai zuwa mujallarsu za ta haɗu da wata. A zahiri labarai uku ko huɗu da suka fi farin jini ne ke ƙaura, sauran a binne su. Sunan tsohuwar mujallar kan zauna a bango da ƙananan haruffa na wasu watanni, sannan a cire shi shiru. Ribar ita ce odar yaron ta koma kan mujallar da ta rage. Frankie bai samu shiga a ƙaurar 1968 ba, don haka ya yi shekara biyar ba shi da shafin mako-mako.

Dawowa a 1973

Odhams na ƙarƙashin babban kamfanin IPC ne, kuma a ƙarshen shekarun 1960 aka tattara duk mujallun yara na rukunin wuri guda. Sashen barkwanci, wanda edita Bob Paynter ke jagoranta, ya yi nasara da Whizzer and Chips a 1969, wadda aka tsara kamar mujallu biyu masu gaba da juna a cikin bango ɗaya. Ranar 10 ga Maris 1973 aka maimaita dabarar da Shiver and Shake. Ɓangaren Shiver, mai tambarin wata fatalwa, na dodanni ne da abubuwan tsoro na wasa. Ɓangaren Shake, mai tambarin wata giwa, na barkwanci ne zalla. Ana bukatar tauraro a ɓangaren dodanni, sai aka tuna da Frankie.

Ba Reid aka ba aikin ba, ko da yake yana aiki da IPC a lokacin, har ma shi ke zana Creepy Creations a bangon baya na wannan mujallar, inda yara ke aiko da zanen dodonsu shi kuma ya gyara shi. Robert Nixon aka ba. Karo na biyu ke nan Nixon yana gadon Reid, domin shi ne ya karɓi Roger the Dodger a The Beano lokacin da Reid ya tafi a 1964.

Nixon ya sauya labarin sosai. Layinsa mai santsi ne, gidajen zanen manya, maganar kaɗan. Frankie ya zama mai kumatu da murmushi, irin ƙaton da yaro zai so ya runguma. An cire Micky gaba ɗaya, iyalin ya rage uba da ɗa. Farfesa Cube bai daina ƙulla makirci ba, amma yanzu ya fi kama da magidancin da kuɗin cefane da gyaran gida suka isa, ba mugun da Reid ya zana ba. Masu son aikin Reid suna ganin an zare wa labarin haƙora. Sai dai Frankie na Nixon ne ya daɗe, shi ne ya hau bango, kuma shi yawancin waɗanda suka yi ƙuruciya a Birtaniya a shekarun 1970 suke tunawa.

Whoopee! da Monster Fun

Shiver and Shake ta yi fitowa 79 ta tsaya a watan Oktoba 1974, aka haɗe ta da Whoopee!, wadda aka fara a watan Maris na shekarar. Wannan karon Frankie na cikin waɗanda suka ƙaura, kuma a Whoopee! ya yi zamansa mafi tsawo, kimanin shekara goma. Farin jininsa ya kai har aka riƙa fitar da mujallu na musamman da sunansa lokacin hutun bazara, da littattafan shekara masu kauri.

A tsakiyar wannan ne IPC ta ƙaddamar da Monster Fun ranar 14 ga Yuni 1975, mujallar da dukanta ta dodanni ce. An gabatar da Frankie a matsayin editanta, shi ke gaishe da masu karatu yana amsa wasiƙunsu, alhali labarinsa na ci gaba a Whoopee!. A nan Nixon ya zana Kid Kong, ƙaton goggon biri mai son ayaba, da Gums, kifin shak mai haƙoran roba, wanda ba'a ce ga fim ɗin Jaws na 1975. Baxendale ma ya ba da gudummawa da wasu ƙananan littattafai da ake cirowa daga tsakiyar mujallar. Duk da haka ba ta wuce fitowa 73 ba. A ƙarshen Oktoba 1976 aka haɗe ta da Buster.

Daga nan kasuwar ta yi ta raguwa, yara sun koma talabijin, daga baya kuma wasannin kwamfuta. Nixon ya koma D. C. Thomson a tsakiyar shekarun 1980. Whoopee! ta tsaya a watan Maris 1985 ta shiga Whizzer and Chips, ita kuma ta shiga Buster a 1990. Buster, wadda aka fara a 1960, ita ce ta ƙarshe a gidan, kuma a shekarunta na ƙarshe tsofaffin shafuka kawai take maimaitawa. An rufe ta a farkon Janairu 2000.

Sauran iyalan dodanni

Frankie ya buɗe ƙofa ga wasu. A 1973 mujallar Cor!! ta fara Fiends and Neighbours, zanen Graham Allen, labarin wasu ma'aurata masu son zaman lafiya da iyalin dodanni suka tare a maƙwabtansu. Da aka haɗe Cor!! da Buster a 1974 labarin ya bi, aka kuma sake buga shi a Scream! a 1984. The Beano ma ta yi nata daga 1987, mai suna Number 13, wanda John Geering ya zana.

Haƙƙin mallaka da sake bugawa

Masu zanen waɗannan mujallu ana biyansu ne a kan kowane shafi, sau ɗaya. Tauraron da suka ƙirƙira da ainihin takardar zanen duk na kamfani ne, kuma idan an sake buga shafin ba sa samun ko kwabo. Shi ya sa aka iya ba Nixon Frankie alhali Reid na raye yana aiki a mujallar. Baxendale ya kai D. C. Thomson kotu a kan taurarin da ya ƙirƙira wa The Beano, aka yi shekara bakwai ana shari'a kafin a sasanta a wajen kotu a 1987. Reid bai bi wannan hanya ba. Ya ci gaba da zana Faceache, yaron da ke iya murɗe fuskarsa ta zama kowane irin dodo, wanda ya fara a Jet a 1971 ya ci gaba a Buster. Yana kan aikin wani shafinsa ne ciwon shanyewar jiki ya same shi, ya rasu ranar 2 ga Fabrairu 1987. Nixon ya rasu a 2002.

Mallakar tsofaffin mujallun ta yi ta sauya hannu. A 1987 IPC ta sayar da sashen mujallun yara ga attajiri Robert Maxwell, aka kira shi Fleetway Publications, sannan kamfanin Egmont na ƙasar Denmark ya saye shi a 1991. Daga baya aka raba gadon: galibin taurarin da suka fito kafin 1970 suka zauna hannun IPC, na bayan nan suka koma Egmont. Wannan rabo ya sa sake buga tsofaffin ayyuka ya yi wuya, kuma shafukan Reid na Wham! sun yi kusan shekara hamsin ba a tattara su a littafi ba. Mai son ganinsu sai ya nemi tsohuwar mujallar da takardarta ta riga ta yi ja.

A 2018 wani mai tara tsofaffin mujallu ɗan ƙasar Lithuania ya nemi izini, ya tara kuɗi daga masu sha'awa ta intanet, ya buga The Power Pack of Ken Reid cikin juzu'i biyu, wanda ya haɗa ayyukan da Reid ya yi wa Odhams, har da Frankie Stein. Kamfanin Rebellion da ke Oxford, mai mujallar 2000 AD, ya sayi kason Egmont a 2016, sannan ya sayi na tsohuwar IPC a 2018, gadon ya sake komawa hannu ɗaya. Ya tattara Faceache da Creepy Creations cikin littattafai, kuma a watan Afrilu 2022 ya farfaɗo da Monster Fun da sababbin marubuta da masu zane, inda Frankie Stein ya sake fitowa tare da Kid Kong da Gums.